Kwalliyar da Taubashina Ya Yi wa Editana

Ni mace ce mai ƙyanƙyami, kowa a gidanmu ya san haka. Ba na shan ruwa a kofin da wani ya sha ya ajiye, kuma idan yaro ya dangwali tuwona da hannun da bai wanke ba, to na bar masa ke nan. Inna ta sha gaya mini cewa wannan hali zai hana ni zama da mutane. Da wannan halin na karɓi laftof ɗin da Kawu ya kawo mini daga Kwatano, ina buɗe ta kuwa na yamutsa fuska.

Ta hannu ce, ta sha duniya. A tsakanin madannanta akwai gashi, akwai ɓurɓushin burodi, akwai wani abu mai danƙo da ban so in san ko mene ne ba. Na durƙusa na yi godiya, kuma har zuciyata na yi ta, domin Kawu, yayan Inna, shi kaɗai ya ɗauki maganata da gaske lokacin da na ce ina son koyon rubuta manhajar kwamfuta. Sauran dangi dariya suka yi. Kawu yana fita na samo tsinken tsintsiya da auduga da ɗan ruwan sabulu, na bi madannan nan ɗaya bayan ɗaya har sai da na iya taɓa su ba tare da na yamutsa fuska ba.

A wajen wankin ne na lura haruffan ba a inda na san su suke ba. Garinmu yana kusa da Illo, kuma kusan duk abin da muke amfani da shi ta Benin yake shigowa, daga atamfa har batirin tocila. Laftof ɗin ma haka, don masu Faransanci aka ƙera ta. Inda Bature mai Ingilishi ya sa Q, nan A take zaune. Layin sama kuma cike yake da wasu haruffa masu hula da masu wutsiya waɗanda ba ni da abin yi da su. Tun a makon farko wannan ya kulle ni a waje, na sa kalmar sirri na kasa sake buga ta daidai. Sai da na kai ta Bagudo wurin wani ɗan kudu mai gyaran waya ya cire mini kalmar gaba ɗaya. Ban sake sa wata ba. A gidanmu wa zai buɗe kwamfuta?

Abin da nake nema a lokacin ɗaya ne. Akwai wani aji da ake koya wa mata rubuta manhaja daga nesa, ana ba ki malama, ana sa miki data, ki zauna a garinku ki koya. Sai an ci jarrabawa ake shiga, kuma jarrabawar kai tsaye ce: mai jarrabawa tana kallon fuskar kwamfutarki daga can inda take, ta ba ki aiki, ki rubuta a gabanta. Shekaruna suna bakin iyakar da suka sa, wato in na rasa wannan karon babu na gaba. Ni kuwa wuni nake a shagon Inna, ina auna yadi ina jera robobi. Mun yi yarjejeniya da ita a kan tabarma, in na samu ajin ta sake ni da safe in yi karatu, in ban samu ba in rufe akwatin nan, wato laftof ɗin, in dawo shago da jikina da hankalina duka.

Mai rubuta manhaja yana da wurin aikinsa a cikin kwamfuta, ana ce masa edita. Shafi ne kawai da kake rubuta wa kwamfuta umarni layi bayan layi, abin da ake kira kod. Amma editan yana da wani ɗan fayil na saiti, inda kake gaya masa yadda kake son ya kasance, launinsa da girman rubutunsa da aikin kowane madanni. Ranar da na gano wannan fayil na ji kamar an ba ni ɗaki nawa ni kaɗai.

Damina guda na yi ina gyara shi, kuma duk abin da na canza akwai wahalar da ta sa ni. A cikin ɗakinmu sabis ɗin Benin ne yake kama waya, ya cinye mata kati yana turo saƙo da Faransanci. Na Nijeriya ba ya samuwa sai a bayan gida, gindin dogonyaro kusa da rumbu, shi ma sai na rataye wayar a reshe. A nan nake aiki, da rana, a fili. Baƙin shafi ba ya ganuwa a hasken nan, fuskata kawai nake gani a gilashi, don haka na mayar da shafin fari tas, rubutun baƙi kuma manya. Kod yana cin baka-baka da yawa, waɗannan alamun da ake buɗewa a rufe, a madannan Faransa kuwa sai ka murɗe yatsu kafin ka samo su. Sai na kori haruffan nan masu hula da wutsiya daga aikinsu, na ɗora baka-bakan a kansu. Batirin yana mutuwa ba sallama, na sa editan ya riƙa adana aiki da kansa. Na hana shi leƙa intanet neman sabon abu, domin datata ba ta leƙe-leƙe ba ce.

Ban iya ba lokacin, kada a ɗauka da sauƙi na yi. Akwai ranar da na manta waƙafi ɗaya editan ya ƙi buɗewa, na wuni ina zargin aljanu. Akwai ranar da na ƙara girman rubutu har kalma biyu suka cika shafi, na zauna ina dariya ni kaɗai, awaki suna kallona. Da na gama, fayil ɗin bai cika shafi ɗaya ba. Amma na san kowane layi a cikinsa da dalilinsa, kuma yatsuna sun saba da shi har ba na tunani kafin in danna.

Sai taubashina ya dawo hutu.

Ɗan Kawu ne, ya girme ni kaɗan, yana karatun kwamfuta a Birnin Kebbi. Shi ɗan namiji, ni ɗiyar mace, saboda haka tun muna yara baiwarsa yake kirana, ni kuma ba na barin bashin zagi ya kwana. Wanda bai tashi cikin wannan wasa ba zai ɗauka faɗa ne. Taubashi yana iya cinye maka nama a kwano kana kallo, ya kunyata ka a gaban baƙi, ya ɗauke maka takalmi a bakin masallaci, kuma doka ɗaya ce, ba a fushi. Wanda ya yi fushi shi ne mai laifi. Ni sana'ata satar hularsa. Da ya ajiye ta zai yi alwala ta ɓace, sai ya roƙe ni a gaban mutane kafin in fito da ita daga tukunya ko ƙarƙashin kaza. Ina son wasan nan, ba zan ɓoye ba. A duk dangi shi kaɗai nake iya sakin baki da shi yadda nake so.

Ya same ni gindin dogonyaro, ya leƙo ta bayana, ya ja da baya yana kare ido da hannu.

"Baiwata, mi na na wanga? Edita na ko likkahwani?"

"Na masu aiki na," na ce. "Ku masu ɗaukar hoto ba ku gane shi."

Na san abin da nake faɗa. Shi ya saka ni a wani zauren hira na waya, na samari masu koyon kod, kuma ban taɓa ganin wurin da ya gundure ni kamar nan ba. Daga safe har yamma hoton edita ake turowa. Kowa nasa baƙi wuluk, da rubutu shuɗi da ja da ruwan hoda, da hoton mota ko na wani mai takobi a bayan rubutun. Wannan ya ce ya liƙa wa nasa fulogin kaza, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa edita, wancan ya ce nasa sun ninka haka. Idan ka ƙura wa hotunan ido, kod ɗin da ke ciki layi uku ne, kuma gaisuwa ce kawai yake bugawa. Na taɓa tambayar yadda ake gyara wani kuskure da ya hana ni barci, babu wanda ya tanka, sai wani da ya ce in turo hoton editana tukuna. Na yi tsaki na kashe sautin zauren.

Taubashina sarki ne a can. Babur ɗinsa ma haka yake, fitilu har a ƙarƙashin kujera, oda kala-kala, madubai kamar shagon aski, amma sai an tura shi yake tashi.

"Ki ba ni ita wuni guda," ya ce, "in maishe ki mutum."

"Ka taɓa ta in yanke maka hannu."

"Ke baiwata ta. Abin da kinka mallaka duk nawa na."

Na jefe shi da 'ya'yan dogonyaro, ya tafi yana dariya, ni ma ina dariya. Da yamma ya nemi hularsa ya rasa.

Ana gobe jarrabawa babu wuta a garin, kuma an daɗe babu. Gidan Kawu ne mai sola. Na kai laftof ɗin da kaina, na jona ta a ɗakinsa, na rufe ta da ɗankwali saboda ƙura, na wuce shago domin ranar kasuwa ce. Da la'asar na biya na ɗauko ta, matar Kawu ta miƙo mini ita a naɗe cikin ɗankwalin kamar yadda na bar ta. Ban kunna ta ba. Batirin nan na san halinsa, duk ɗigon da ke ciki na jarrabawa ne. Na sa ta a akwati na kwanta da wuri.

Da hantsi na share gindin dogonyaro, na shimfiɗa tabarma, na rataye waya a reshenta. Inna ta ba ni safiyar, har ta kore mini awaki. Na yi bisimilla na ɗaga murfin.

Wari ne ya fara tarbata. Ƙarnin busasshen kifi, irin na bakin kogi da ake ci da yaji. Madannan da na wanke ɗaya bayan ɗaya suna ƙyalli da mai, ga jan yaji ya maƙale a tsakaninsu, ga wata 'yar ƙaya a kwance kusa da madannin tazara. A kan gilashin akwai shatin babban yatsa. Tsikar jikina ta tashi. Na san mutum ɗaya ne a duniya zai zauna yana cin kifi yana danna mini kwamfuta, amma a lokacin na ɗauka iyakar ɓarnar ke nan, ƙila ya kalli fim ne. Na goge abin da zan iya da gefen zanina, ina haɗiye yawu, domin lokaci ya yi.

Na danna mahaɗin intanet ɗin da aka turo, mai jarrabawar ta bayyana. Mace ce mai gilashi, muryarta a natse, da Turanci take magana. Ta tambayi sunana da garinmu, ta ce ba ta taɓa jin sunan ba, muka ɗan yi dariya. Sannan ta ce in nuna mata fuskar kwamfutata in buɗe edita.

Na buɗe, sai shafin ya yi baƙi.

Na ɗauka batirin ne ya mutu, gabana ya faɗi. Sai na ga wasu ƙananan rubutu suna gudu a ƙasa, fankar kwamfutar ta fara kuka. Ban ga komai sosai ba sai fuskata a gilashi da ganyen dogonyaro a bayana. Ba ni da damar shiga ɗaki, sabis zai yanke. Na jawo mayafina na lulluɓe kaina da kwamfutar gaba ɗaya don in samu duhu. A cikin lulluɓin nan, ni da zafi da ƙarnin kifi, na ga abin da aka yi mini. Wata jar mota ce a bayan shafin, ta cika shi. Rubutun ƙanana kamar ƙwayar gero, shuɗi a kan baƙi. Gefe da gefe wasu akwatuna ne da agogo da zanen da ke hawa yana sauka, har da yanayin sama na wani gari da ban sani ba.

"Kai, editanki ya sha ado," in ji mai jarrabawar.

Ta ba ni aikin. A ba kwamfuta jerin sunaye, ta cire waɗanda aka maimaita, ta jera sauran. Wallahi na yi irinsa har na gaji da yi, a kan tabarmar nan, da farin shafina. Na ce a raina ko a kan mota ne zan rubuta shi.

Na danna harafin farko, shafin ya girgiza, tartsatsin wuta ya fito daga inda harafin ya sauka. Na danna na biyu, ya sake girgiza. Wani fulogin ne, aikinsa ke nan, duk harafin da ka buga ya yi maka wasan wuta. Wani ɗan Adam ya zauna ya ƙera wannan, wani kuma ya ga ya dace ya liƙa mini. Na daure na ci gaba, sai na lura abin da nake bugawa ba shi ke fitowa ba. Ina danna A, Q ke fita. Na nemi baka-bakan da na ɗora a layin sama, lambobi suka fito. Ya gaya wa kwamfutar cewa madannanta na Ingilishi ne. Ni kuwa sabuwa ce, ina kallon madanni nake bugawa, ga shi abin da aka rubuta a kansu ya daina zama gaskiya.

Layin farko ya fito kamar rubutun mahaukaci. Zufa tana ɗiga daga haɓata a kan madannan, tana haɗuwa da man kifi. Mai jarrabawar ta ce in kwantar da hankalina. Na ce bari in share duka in sake. Akwai haɗin madannai biyu da ke zaɓar duk rubutu, ɗayansu A ne, yatsuna sun san shi. Na danna. Kwamfutar ta ji Q, wanda a wurinta yake nufin a rufe edita, ta kuwa rufe shi.

Na sake buɗewa. Wannan karon ya tsaya yana jawo wasu kaya daga intanet, fulogin bayan fulogin, yana shan sabis ɗin da muke magana da shi. Hoton matar ya daskare, muryarta ta koma gutsi-gutsi. Na yi ƙoƙarin gaya mata cewa ba ni na yi wannan ba, wani ne ya taɓa mini kwamfuta jiya. Turancina da ma ba mai gudu ba ne. Ban san abin da ya isa kunnenta ba. Ko da ya isa, na san yadda maganar take, irin wadda kowane ɗalibin da bai shirya ba yake yi ce.

Da sabis ya dawo lokacina ya ƙare, akwai wata tana jira. Mai jarrabawar ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Cikin tausayi ta ce za ta ba ni shawara a matsayin yaya. Ta ce tana ganin irin wannan da yawa a wurin masu farawa, su ɓata makonni suna yi wa edita kwalliya ba su koyi kod ɗin ba. Ta ce in cire motar da wasan wutar, in samu shafi fari mai sauƙi, in zauna in koyi aikin.

Ni aka gaya wa haka. Ni da na yi damina guda da farin shafi ana yi mini dariya. Ta ɗauke ni ta jefa cikin zauren samarin nan da nake ƙyama, kuma ba ta yi ƙarya a kan abin da idonta ya gani ba. Na ce na gode. Ban rufe baki ba batirin ya mutu, wasan wuta ya shanye shi.

Na yaye mayafin na jefar da shi gefe, har yau ban sake yafa shi ba. Na je bayan rumbu na yi amai.

Da aka samu caji na nemi fayil ɗina na saiti. Babu shi. A wurinsa akwai wani dogo da na gaji da gungurawa ban kai ƙarshensa ba, da sunan wani baƙo a samansa, wato shi ma kwafowa ya yi. Na duba kwandon shara na kwamfutar, ya kwashe shi tas. Ban taɓa sanin ana ajiye kwafi a wani wuri ba, babu wanda ya gaya mini.

Na kai wa Inna laftof ɗin a shago na gaya mata komai. Ta sunkuya ta sansana madannan, ta yi tsaki mai tsawo. Na ga ranta ya ɓaci, amma na san abin da zai biyo baya.

"Taubashinki na," ta ce. "Wasa na. Kuma ubanai yab ba ki ita. Ina kika son in kai ƙara?"

"Inna, ajin ya tahi."

"Na jiya. Allah shi ba ki wanda yaf fi shi. Amma kak ki bari a ce ɗiyata ta yi hushi da taubashi, ba a yi." Sannan ta turo mini ma'aunin yadi a kan teburi. Na gane, yarjejeniyarmu take tuna mini.

Da yamma ya zo gidan, tun daga nesa muka ji odar babur. Ya shigo bakinsa har kunne, ya tura hula gaba.

"Ina baiwata? Yaya, malamar ta ga aiki? Na san sai da tat tambayi wa yay yi miki shi. Wancan tarkacen naki na share shi, shara ta."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba mugunta ya yi ba. Har ga Allah yana jiran godiya ne, a naɗe cikin zagi kamar yadda muka saba. Na dube shi, na dubi yatsunsa. Zagi iri-iri ya zo mini baki, kuma na san duk wanda na furta dariya zai yi ya rama, Inna ta yi murmushi, maganar ta zama wasa ta wuce. In kuma na yi kuka ko na ɗaga murya, ni ce mai laifi a dangi.

Sai na tashi na ɗauko sabuwar tabarma, wadda muke shimfiɗa wa baƙi, na shimfiɗa masa. Na kawo ruwa a kwanon sha na rufe da faifai. Na gyara ɗankwalina na rusuna.

"Sannu da zuwa, Malam. Ina wuni? Yaya gida, yaya Kawu?"

Ya fashe da dariya. "Yau kuma sabon salo? To baiwa ta san ubangijinta."

"Lahiya lau, Malam. A sha ruwa."

Ya ce kaina kamar tulu. Ya ce wanda zai aure ni ya shiga uku. Ya ce farin editana ya fi kama da bangon asibiti. Duk wanda ya faɗa sai in ce, "Haka na, Malam," idona a ƙasa. Dariyar ta riƙa raguwa har ta ƙare. Ya dubi Inna, Inna ta dubi tukunya. A nan ne ta gaya masa, a taƙaice, cewa ban samu ajin ba da kuma dalili. Ya ce ai da na kira shi, abu ne mai sauƙi a mayar. Na tambaye shi a ladabce ko ya san layin da ya canza madannan. Bai sani ba.

Ya tashi bai sha ruwan ba. Muna jin sa a waje yana ta buga babur, daga baya ya tura shi.

"Ki zage shi mana, ɗiyag ga," Inna ta ce a hankali. "Ko sau guda."

"Ba ni da abin ce mishi, Inna."

Babu wanda zai iya kai ƙarata. Ban yi fushi a gaban kowa ba, ban ɗaga murya ba, gaisuwa na yi. Kawu da kansa ya taɓa cewa na yi hankali.

Na sake wanke madannan da tsinke da auduga, wannan karon har da ruwan lemun tsami, duk da haka na daɗe ina jin ƙarnin, ko yana nan ko ba ya nan. Mai gyaran nan na Bagudo ya mayar mini da madannan Faransa, ya sa mini kalmar sirri, ya tsaya har na buga ta a gabansa ba kuskure. Fayil ɗin saitin na sake rubuta shi daga ka, a shago, tsakanin mai sayen yadi da mai taya bokiti. Bai dawo daidai yadda yake ba, akwai wani layi da na san na taɓa sawa wanda har yau ban tuna ko na mene ne ba. Kod ɗin ma na koya, ni kaɗai, da jan ƙafa, abin da 'yan ajin suka gama cikin watanni ni ya ci mini shekaru. Har yanzu ina shagon da safe, kuma shafina fari ne.

Shi kuwa ya gwada duk hanyar da ya sani. Ya aiko da haƙuri ta bakin matar Kawu, na ce ai babu komai. Ya kawo mini sabon linzamin kwamfuta, na yi godiya har ƙasa na ajiye shi a kwalinsa. A wajen bikin dangi ya kira ni baiwa a gaban mutane, da ƙarfi, yana kallona kamar mai roƙo, na ce, "Na'am, Malam."

Zuwansa na ƙarshe kafin ya koma makaranta, ya zauna a tabarmar baƙi muka gaisa. Da zai yi alwala ya cire hularsa ya ajiye ta dab da ƙafata, ya daɗe a bayan gida fiye da yadda alwala take ɗauka. Ya dawo ya same ta inda ya bar ta. Ya dube ta, ya yi sallama, ya fita kansa ba hula. Na ji shi ya tsaya a zaure, yana jira.

Na samo leda mai tsabta na sa hular a ciki, na ba Inna ta miƙa masa.